Idon da Bai Iya Rufin Asiri Ba

Duk Bahaushen da ya zauna Treichville ko Adjamé, unguwannin Abidjan, a shekarun da aka buɗe sabuwar gada ya san Babani mai hoto, ko da bai taɓa tsayawa gabansa ba. Gajere ne, mai ɗan tumbi, kullum cikin gumi, ga shi da shegen tsoro. Ba tsoron duka ko na ɗan sanda ba, tsoron a ce ya ɓata wa wani. In ya miƙa maka hotonka ka ɗan yi shiru kana dubawa, sai ka ga ya cire hula yana murzawa yana tambaya, "Lafiya? Hancin ne?" Mutane suka gane lagonsa, har wasu kan yi shirun da gangan don su ga ya rikice.

Daga Kazaure ya fito yana saurayi, ya biyo fataken goro har bakin teku. Ya yi dako a kasuwar Adjamé sai da wuyansa ya ce bai san zancen ba. Wani Bayarabe mai shagon hoto a Belleville ya ɗauke shi ɗibar ruwa da shara, a nan ya saci sana'ar da ido. Da Bayaraben ya tashi komawa gida, ya bar masa akwatin hoto na katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen lulluɓa, da wani gilashin gaba mai nauyi kamar dutsen guga. Wannan gilashi shi Babani ke kira ido, kuma shi ne duk arzikinsa.

Abin da idon ya iya shi ne narkar da baya. Babani zai tsai da kai kusa, ya buɗe idon har ƙarshe, sai fuskarka ta fito tar, ana iya ganin tsagar gadonka da zaren hularka, amma duk abin da ke bayanka ya yi dishi-dishi kamar an zuba nono a koko. Kwata ce, juji ne, bukkar langa-langa ce, babu mai ganewa. Ko fitilar mai shayi, in ta faɗa a bayan, sai ta zama wani farin kwabo mai laushi da za ka rantse fitilun babban otal ne.

To, su waye masu son irin wannan hoto? Mu ne, mutanen ci-rani. Ɗan dako zai ari babbar riga, Babani ya ɗaura masa agogon nan nasa da ya daina tafiya tun zamanin Bayarabe, ya tsaya bakin lambatu yana ƙoƙarin kada ya yi dariya. Hoton ya bi fatake zuwa gida, uwa ta ɗaga shi ta ce ɗanta ya zama mutum a Abidjan. In aka tsokani Babani aka ce maƙaryaci ne, sai ya rantse har da dafa ƙirji. "Ni ban taɓa ƙara wa kowa abin da ba nasa ba, in ban da agogo. Rufin asiri nake yi, kuma rufin asiri lada ne."

Sai dai garin nan bai bar komai ya zauna lafiya ba. Laimar Abidjan tana cin takalmi, tana cin littafi, tana cin zane a cikin akwati. A daminar shekarar da ake ta zancen samun 'yancin kai, Babani ya ɗaga idonsa ga rana ya ga wasu fararen jijiyoyi kamar saƙar gizo a can cikin gilashin. Ya goge, ya hura, ya shanya, a banza. Fuskokin mutane suka fara fitowa kamar an shafa musu toka. Ya shiga zarya bakin tashar jiragen ruwa, har ya dace da wani Bature ma'aikacin jirgi da ke son rabuwa da wata 'yar ƙaramar kyamara mai rataya a wuya. Babani ya sa ido a 'yar tagarta ya ga titi guda ya shige ciki, daga wannan kusurwa har waccan. Daɗi ya kama shi. Ya ce a ransa, wannan ai ko taron biki ne zai kwashe shi a tashi ɗaya. Bai tambayi yadda take yi da baya ba, don a saninsa kowane ido in ka buɗe shi har ƙarshe baya narkewa yake yi.

Washegari da safe Mairama ta yi sallama a shagonsa, hannuwanta duk kumfar sabulu.

Mairama mai waina ce, a wani gidan haya na Treichville take, irin wanda ɗakuna ke kewaye da tsakar gida guda, mutanen garin suna ce masa kur. Mijinta Mati ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kaya suka faɗo masa ya rasu. Suna da 'ya guda, Zalihatu, wadda suka kai yaye wajen kakarta Delu, uwar Mati, a Katsina kafin su taho, da niyyar in sun zauna da gindinsu su aika a kawo ta. Mati ya rasu, yarinya ta zama ta dangin uba. Shekara da shekaru Mairama tana aika saƙo a ba ta 'yarta, wan mijin nata, Lukumanu, yana cewa a'a. Ya ji labarin Treichville, an ce masa gari ne na giya da kiɗa, kuma macen da ba miji a can sai abin da Allah ya tsare. A ƙarshe ya ce, to, gani ya kori ji, ta aiko da hotonta a ƙofar gidan da take zaune, in sun ga wurin mutunci ne za su duba.

Duk wannan ba daga bakinta Babani ya ji ba, a unguwa ya tsinta. Zalihatu 'yar fari ce, kuma Mairama irin matan nan ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kama sunan yarinyar ba. In dole ta kama sai ta ce "waccan ta wajen Inna", ta kau da kai kamar zancen akuyar maƙwabta take yi.

"Malam Babani, hoto nake so yanzun nan," ta ce. "Sharhabilu zai bi jirgin azahar, shi zai kai."

Sharhabilu bafataken goro ne da ke hawa jirgin ƙasa zuwa Wagadugu, daga nan ya bi mota har Katsina. In ya tafi sai ya kwashe watanni.

"Haba Mairama, ai ba a fafe gora ranar tafiya."

"Jiya da yamma ya faɗa mini. Ka taimaka, don Allah."

Ya rataya sabuwar kyamara suka tafi. Ta ɗauraye hannu, ta yafa mayafinta na fita kunya, ta tsaya bakin ƙofar gidan a sandare. Ƙofar a buɗe take, ana hango tsakar gida da shanyar da ta baro. Daga ɗaya ɓangaren kuwa, gida biyu tsakani, akwai mashayar wani mutumin Dahomey, an jibge akwatunan kwalabe a waje, wasu ma'aikatan jirgi da suka ƙi komawa bakin aiki suna zaune da 'yan matansu. Mairama ta waiga ta dubi wajen, ta dubi Babani.

"Waɗancan fa?"

Ya yi dariya irin ta gwanaye. "Yau kika san ni? Ko giwa ce a bayanki sai na mai da ta hayaƙi. Ɗaga haɓa kaɗan."

Ya buɗe ido har ƙarshe kamar yadda ya saba, ya danna. Ya koma shago da gudu, ya shiga ɗakin duhu ya wanke, ya buga ɗan ƙarami wanda zai shiga aljihu. Da hoton ya fara bayyana a cikin ruwan magani, fuska kaɗai ya duba, don shekarunsa nawa a sana'ar bai taɓa duba bayan mutum ba, ba abin dubawa a can. Fuska ta fito, ido a buɗe, hanci lafiya lau. Ya shanya shi a bakin taga, ya naɗe a takarda tun bai gama bushewa ba, ya kai lagar, wato tashar jirgin ƙasa, da kansa ya damƙa wa Sharhabilu ta tagar jirgi. Sabo dai turken wawa ne.

Sai da gari ya waye ya ce bari ya buga babba ya kafa a gaban shago, mutane su ga aikin sabuwar kyamara. Ya fito da shi waje yana murmushi, ya ɗaga ga haske. Nan take murmushin ya ɗauke.

Babu abin da ya narke. Kowace kwalba ta fito da wuyanta. Rubutun da ke saman mashayar ana karanta shi. Ga wani ƙato da hular jirgi ya dafa kafaɗar wata, bakinsa a buɗe yana dariya har ana ganin giɓinsa, kuma yadda hoton ya kama, sai ka ce Mairama yake yi wa. Wannan sabon ido ba shi da kunya ko ta sisin kwabo, abin da ya gani shi yake faɗa, daga ɗan yatsan ƙafarka har ƙarshen layi. Babani ya zauna a bakin dakali, gumi na ɗiga a kan takardar. Jirgi kuwa tuni ya yi nisa cikin daji.

Ya rufe shago ya haye Adjamé, rumfar 'yan goro, yana tambaya ko akwai mai hanyar da za a tsai da Sharhabilu. Aka yi masa dariya. Wa ya san masaukin bafatake? Wani ya ce, "Sai dai ka hau abiyo, jirgin sama, ka tare shi a Yamai, Malam Babani." Ya dawo a ƙasa, ya tsallako gada yana magana shi kaɗai. Zuciya ta ce masa ya yi shiru, ai ƙaramin hoto ne, wataƙila Lukumanu ba ya gani sosai. Wata zuciyar ta ce, mutumin da ya ce a aiko masa ya gani, ai da niyyar dubawa ya zauna. Ya kwana biyu yana zagaye layin su Mairama ta baya, ƙamshin wainarta na biyo shi kamar sammaci.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗauki babban hoton ya same ta bakin tanda, ya miƙa mata ba tare da ya iya ko sallama mai kyau ba. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, har wainar da ke wuta ta ƙone. Wannan karon Babani bai tambaya ko hancin ne ba.

"Laifina ne, Mairama," ya ce. "Ban san halin idon ba. Ki zo in kafa miki labule a baya in sake ɗauka, akwai masu tafiya jibi."

Ta girgiza kai. "In na biyu ya je da labule, sai su ce ashe na san akwai abin ɓoyewa. Bar shi, Malam Babani. Can nake zaune, ba ƙarya ka yi mini ba."

Ta kwashe ƙonanniyar wainar ta zuba sabon ƙullu. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya yana kallo, ƙullun yana zuba a gefen tanda.

Watannin da suka biyo baya Babani bai san daɗinsu ba. Tumbin nan ya zube. Ya sayo zane mai ruwan toka ya kafa a shago, kowa ya zo sai a gaban zane, ko kai waye. 'Yan dako suka yi ta ƙorafi wai hotonsu ya koma kamar na katin haraji. Bai kula ba. Babban hoton Mairama kuwa ya kife shi a ƙarƙashin katifa, amma kullum sai ya jawo shi ya ƙura wa kwalaben ido, kamar in ya matsa musu za su ji kunya su ɓace. A masallaci yana roƙon Allah ya sa ruwa ya jiƙa aljihun Sharhabilu, ko akuya ta cinye hoton, sai kuma ya tuna in hoto bai je ba yarinya ma ba za ta zo ba, ya rasa wace addu'ar zai yi. Ya ɗauki alhakin raba uwa da 'ya ya aza a kansa, kuma kayan sun fi duk buhun da ya taɓa ɗauka a Adjamé nauyi.

Wata Juma'a bayan an sauko, sai ga Sharhabilu a bakin masallacin Treichville, ya yi baƙi ya rame da tafiya. Babani ya so ya sulale ta bayan masu sayar da turare, amma an riga an gan shi.

"Mai hoto! Zo mu je, da kai za a yi. Kai ka haɗa wannan rigimar."

Suka tarar da Mairama tana wanke tanda. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta yi gaisuwa ta tambayi hanya, ta tambayi Inna, ta tambayi damina, ta tambayi kowa da kowa ban da mutum ɗaya. Sharhabilu kuwa mutum ne mai son jan labari, sai da ya sha ruwa ya ɓare goro.

"Lukumanu ya karɓi foto," ya ce, "ya fita da shi rana. Bai yi minti guda ba ya jefar a tabarma. Ya ce kun gani? Kwalabe har bakin ƙofa. Ya ce in yana da rai 'yar ƙanensa ba za ta taka wannan layin ba."

Babani ya runtse ido.

"To, sai tsohuwa ta ce a miƙo mata. Kun san idonta ya yi rauni. Ta kira yarinyar ta ce, zo ki faɗa mini abin da ke ciki, kada ki tsallake komai. Yarinya ta fara. Ga mace a tsaye. Ga kwalabe. Ga wani mai giɓi. Ga ƙofa a buɗe. Ga igiya a tsakar gida an yi shanya. Tsohuwa ta ce shanyar me? Ta ce rigunan yara ne, Iya, na mata, an jera su, wannan ƙarama, wannan ta fi ta, wannan ta fi ta, har ƙarshen igiya."

Mairama ta sunkuyar da kai.

"Tsohuwa ta juyo ta ce mini, Sharhabilu, Mairama ta sake aure ne ta haihu? Na ce a'a. Ta ce wankau take yi? Na ce waina take yi. Can ta ce, riga nawa kika ce? Yarinya ta ƙirga. Tsohuwa ta ƙirga sallolin da aka yi tun da aka kawo yaye, a yatsunta. Sai ta sa gefen zane ta share ido."

Sai a lokacin Babani ya tuna kumfar sabulun da ke hannun Mairama ran nan. Ashe kowace ƙaramar salla sai ta ɗinka wa yarinyar riga da ƙiyasi, ta ajiye a akwati, kunya ta hana ta aikawa kada a ce ta nuna son 'yar fari. Laimar da ta ci masa ido ita ke sa ta fito da su duk damina ta wanke ta shanya. Watanni yana kallon hoton nan, tsoro bai bar shi ya dubi ɗaya gefen ba ko sau ɗaya.

"Yanzu me aka yanke?" Babani ya tambaya.

"Ba a yanke ba. Tsohuwa ta ce in an yi girbi za ta zo da ƙafarta, da yarinyar, ta ga kwalaben da idonta. In bai yi mata ba, su koma tare. Lukumanu ya yi ta faɗa, ta ce masa ita ta haife shi."

Wato aka ƙara wa Babani wasu watannin na zulumi. Har wajen mai mashaya ya je ya roƙe shi ya riƙa shigar da akwatunan ciki, mutumin ya yi kwana biyu yana yi ya koma halinsa.

Ranar da suka iso, Babani na lagar tun kafin jirgi, da kyamara a wuya don kada a ce gulma ta kawo shi. Delu ta sauko, 'yar tsohuwa busasshiya mai kaifin baki, a bayanta wata doguwar yarinya riƙe da ƙunshi. Mairama ta durƙusa ta yi ta gaida surukarta, ko kallon yarinyar ba ta yi ba. Suka ɗunguma zuwa gida, Babani na biye da kaya a ka kamar zamanin dako.

A bakin ƙofa tsohuwa ta ja ta tsaya. Ta sa hannu ta kare rana, ta dubi mashayar, akwatuna na nan jibge kamar kullum.

"Ita ce wannan? Ashe ma ta fi kusa da yadda yarinya ta ce."

Haka sabon idon kyamarar yake, yana tura abin kusa ya yi nisa. Babani ya sauke kayan kafin su sauke shi.

Tsohuwa ta shige ciki. Ta zauna a tabarma, ta ƙi ruwa, ta ce a fito mata da akwatin rigunan. Mairama ta kawo. Delu ta riƙa ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, ƙamshin sabulu da kanumfari. Da ta zo kan ta ƙarshe, babbar cikinsu, ta ce, "Zalihatu, sa wannan."

Yarinya ta zura kai, ta zura hannu ɗaya, rigar ta tsaya a kafaɗa ta ƙi gaba ta ƙi baya. Matan gidan suka taru suna kallo. Tsohuwa ta dubi rigar, ta dubi surukarta.

"Duk kin yi ƙasa da awo, Mairama. Haka ake yi in ana ɗinki daga nesa." Ta tura yarinyar gaba da sandarta. "Ga ta nan. Ta bana sai ki auna da hannunki. Ni jirgin jibi zan bi, ban iya wannan gumin naku ba."

Babani ya ɗaga kyamara daga bakin ƙofa, ya sa ido a taga, bai ga komai ba sai dishi-dishi. Ya goge tagar da hula, bai gyaru ba, sai ya gane ba daga gilashin ba ne. Ya sauke ta.

Mairama ta taso, har yanzu kanta a kauce. Ta cire wa yarinyar matsattsiyar rigar a hankali, ta buɗe tafin hannu ta aza a kafaɗarta ta fara awo, taƙi ɗaya, taƙi biyu. Da ta kai ƙarshen kafaɗar ba ta ɗauke hannun ba.